Lita Huɗun da Suka Ɓata

Agogon ruwa ya mutu tun ranar Laraba,
allurarsa ta kafe kan sifiri kamar ta yi rantsuwa.
Manaja na son lamba kafin azahar.
Shanshera buhu ɗari uku na jiƙe a tanki,
tana jiran zafin da ya ƙi isowa.

Na kife bokitin fenti na zauna, na buɗe littafi.
Bututu inci uku.
Na fitar da faɗin cikinsa,
na ninka da gudun da injin turo ruwa ya yi alkawari,
mita biyu kowace daƙiƙa.
Biro ya ce lita tara.
Na ja masa layi biyu a ƙasa,
yadda aka koya mana a Birnin Kebbi.

Kakale ko kallon takardar bai yi ba.
Yana ɗaurin bututu tun ba a haife ni ba,
tun filin nan na bayan Argungu yana gonar gero.
Ya dafa sufana a jikin ƙarfen,
ya kai ɗaya bakin ga kunnensa, ya runtse ido.
"Wanga ruwa tahiyar mai kaushi yakai," in ji shi.
"Tumba, jawo duro."

Duro lita ɗari biyu, tsohon na man gyaɗa.
Muka kwance bakin fita, muka saki ruwa,
ni da agogon waya, shi da hannu a ƙugu.
Goma. Ashirin.
A nan ya kamata ya kusa tumbatsa, in biro na da gaskiya.
Talatin, ruwa na hawa kamar mai bin tsani da kaya.
Sai a arba'in ya taɓa baki.

Ɗari biyu a raba arba'in.
Biyar.
Na sake rabawa, ko kunya za ta ƙara mini ɗaya.

Ina huɗu suka shiga?
Muka bi layin da ƙafa muna ƙirga gwiwoyi.
Goma sha ɗaya, zane ya nuna shida.
Kowace gwiwa shinge ce irin na hanyar Jega,
ruwa ba ya wucewa sai ya ajiye wani abu.
Na rubuta, na cire. Har yanzu da saura.

Sai ga na'urar musayar zafi, kwance kamar kada.
A cikinta ruwa biyu ke wuce juna ba gaisuwa,
mai zafi ta nan, mai sanyi ta can,
maƙwabta masu miƙa garwashi ta kan katanga
ba wanda ya ga fuskar wani.
Kakale ya kama hannuna ya ɗora a mashiga: zau.
Ya ɗora a mafita: zau ɗin dai.
"Kin ji? Ya shiga da wutatai, ya hito da abinai.
Katanga ta yi kauri."

Noti goma sha shida muka kwance.
Da murfi ya faɗi, sai warin gulbi.
Laka da farin ɓawo sun yi wa ramukan daɓe,
damina kan damina, kamar an biya magini.
Inda yatsana zai shige da wasa,
yanzu tsinken tsire ma sai da lallashi.

Azahar ta wuce mu muna ƙwaƙula da waya.
La'asar ta same mu fari fat har gira.
Da muka ɗaure muka sake jawo duro,
ya cika a ashirin da biyar.
Takwas.

Ɗayar da ta rage gwiwoyi sun ci,
ba kuma za su amayar ba.

Na kai wa manaja takarda da lambobi uku,
na biro, na safe, na yamma.
Ya ce wanne ne gaskiya?
Na ce a saya mana sabon agogo,
amma duron nan kar a sayar.

Ta taga na hango Kakale yana wanke sufana.
Tururi ya fara tashi daga tanki,
ƙamshin dafaffiyar shanshera ya tsallake katanga,
ya nufi gari.